Kwamfuta Ɗaya, Manhaja Biyu: Dabarar Tsawaita Ran Tsoffin Na'urori a Madawa, Buza da Keita

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ta shafe shekara 10 tana tafiyar da kwamfutoci a faɗin duniya. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Masu shagunan buga takardu da ke bakin babbar hanyar da ta ratsa Madawa daga Ƙonni zuwa Maraɗi sun ci gaba da aikinsu, haka ma masu gyaran waya a kasuwar Buza da ma'aikatan ofisoshi a Keita. Abin da ya sauya ba a ganinsa da ido. Daga ranar, kamfanin ya daina aiko da facin tsaron da ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet suke bi, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, wanda shi ma na masu amfanin gida an tsara shi ne zuwa 13 ga Oktoba, 2026.

Shawarar kamfanin ita ce kowa ya koma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. Sai dai ita wannan ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Tana son ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 da faifan ajiya na gigabait 64, tana son wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan furosesar kwamfutar, in ta Intel ce, ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Kwamfutocin da ke aiki a waɗannan gundumomi uku na jihar Tawa da ke Nijar kuwa galibinsu na hannu ne. Akwai Dell da HP da Lenovo da suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, suka hauro ta Kano ko Sakkwato ko Yamai. Akwai kuma tsarabar 'yan cin rani daga Abijan da Libiya da Aljeriya. Da yawansu ba za su cika sharuɗɗan ba. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne a duniya za su rasa kasuwa saboda wannan sauyi.

Wanda ya tara kuɗin albasar rani guda ya sayi kwamfuta ba zai jefar da ita ba don wani kamfani a Amurka ya ce lokacinta ya wuce. Haka nan wanda ya samu sabuwa ba lalle ne tsoffin kayan aikinsa su yarda da ita ba. A tsakanin waɗannan matsaloli biyu ne wata tsohuwar dabara ta masu gyara take da amfani: a ɗora manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya, tsohuwa da sabuwa, duk lokacin da aka kunna mutum ya zaɓi wadda zai shiga.

Abin da ke faruwa idan an danna makunni

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin mutum da ƙarfen kwamfuta. Ita ke karɓar abin da aka buga a madannai, ta nuna shi a allo, ta aika shi ga firinta, ta adana shi a faifai. Word da Excel da Chrome duk a kanta suke zaune. Windows babbar manhaja ce, Linux ma haka, Android ɗin da ke cikin wayar Tecno ko Itel ma haka.

Idan aka kunna kwamfuta, babbar manhaja ba ita ke fara farkawa ba. Akwai wani ƙaramin tsari da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga masana'anta, tsohon samfurinsa BIOS, sabon kuma UEFI. Shi ne ke duba ƙwaƙwalwa da faifai da madannai, sannan ya nemo wata 'yar manhaja a faifan wadda aikinta kawai ta tada babbar. A kwamfutar da ke da Windows ɗaya tal, wannan yana wucewa ba tare da an lura ba. Idan biyu ne, sai 'yar manhajar ta dakata, ta nuna sunayensu a allo, ta jira a zaɓa. Ta Windows takan jira daƙiƙa 30 in ba a sauya mata ba. Ta Linux kuwa, wadda aka fi sani da GRUB, tana iya tada Linux ɗin da Windows duka.

Abin ya yi kama da gida mai zaure ɗaya da sashe biyu. Kowa ta zauren yake shiga, daga nan ya nufi sashen da yake so, kuma ba ya zama a duka biyun a lokaci guda. Wanda yake cikin Windows 7 yana son komawa Windows 10 dole ya kashe ya sake kunnawa. Amfanin wannan shi ne kowace manhaja, idan tana aiki, ita kaɗai ke cin ƙarfin na'urar, abin da ke da muhimmanci ga kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 2 ko 4.

Sassan kuwa ana samar da su ne ta hanyar raba faifan ajiya. Akwai tsarin rabo iri biyu. Na da, mai suna MBR, ya samo asali tun 1983; ba ya ɗaukar fiye da manyan yankuna 4, kuma ba ya ganin abin da ya haura terabait 2. Na yanzu, GPT, yana tafiya da UEFI, kuma a Windows yana ɗaukar yankuna har 128. Windows XP ta yau da kullum MBR kawai take tashi a kai. Windows 11 kuma UEFI da GPT kawai ta yarda da su. Shi ya sa haɗa waɗannan biyun a faifai ɗaya ba aikin da mai gyara mai hankali zai karɓa ba ne. Haɗin da ya fi sauƙi shi ne na maƙwabta: XP da 7, ko 7 da 10, ko 10 da 11, ko kuwa kowace Windows da Linux.

Masu buƙatar tsohuwa

Na farko shi ne mai shagon buga takardu da ɗaukar hoto, wanda ɗalibai da masu neman aiki da masu haɗa takardun ma'aikatar magajin gari suke yi wa layi. Jarinsa firinta ne da sikana da injin kwafi. Kowace irin wannan na'ura tana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke fassara tsakaninta da Windows. Kamfanoni sukan daina rubuta sabon direba ga tsoffin na'urorinsu, kuma akwai sikanoni da dama na farkon shekarun 2000 da direbansu na tsarin bit 32 ne kawai. Windows 11 kuwa ba ta da samfurin bit 32 sam. Na'urar lafiyarta ƙalau, tana iya ƙara shekaru tana aiki, amma sabuwar manhaja ba ta san da zamanta ba. Barin Windows 7 a gefe guda na faifai yana ceton mai shagon daga sayen wata.

Na biyu shi ne mai gyaran waya. Manhajojin da ake yi wa waya filashin da su, musamman ƙananan wayoyi masu guntun MediaTek da Spreadtrum da suka cika kasuwannin ƙauye, da yawansu tsofaffi ne, kuma direbobinsu ba su da sa hannun da sabbin Windows ke tilastawa. Shi ya sa daga kasuwar Farm Centre ta Kano har zuwa rumfunan Tamaske da Sabon Gida, ba abin mamaki ba ne a tarar da mai gyara yana riƙe da Windows 7 don filashin, alhali yana buƙatar sabuwa don sauko da fayilolin sabbin wayoyi.

Na uku shi ne ma'aikacin lafiya ko na ofis mai tsoffin bayanai. A shekarun 1990 da bayansu, ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa na Afirka sun tattara alƙaluman cututtuka da manhajar Epi Info 6, wadda cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta raba kyauta. A kan DOS take aiki, kuma Windows mai bit 64 ba ta buɗe manhajojin DOS da kanta. A yau kuwa rahotannin lafiya a Nijar suna bi ta DHIS2, tsarin da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta, wanda ake shiga ta burauza. A nan matsalar take juyawa: Google ya tsayar da Chrome na Windows 7 a samfuri na 109 a farkon 2023, na XP kuma tun 2016. Tsohon bayani yana son tsohuwar manhaja, sabon rahoto yana son sabuwa, kuma sau da yawa kwamfutar ofishin ɗaya ce.

Akwai kuma ɗalibi da malamin makaranta da ke son koyon Linux ba tare da rabuwa da Windows ɗin da suka saba da ita ba.

Idan sabuwar ba Windows ba ce

Ga kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, sabuwar manhajar da za a ɗora ba dole ne ta fito daga Microsoft ba. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kyauta ce, kuma halal ne a kwafa a raba wa kowa. Tana da samfura da yawa. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, tana fitar da samfuri mai dogon wa'adi duk bayan shekara 2, kowanne da facin tsaro na shekara 5; na Afrilun 2024 zai kai 2029. Linux Mint ta yi kama da Windows 7 a fasali, don haka ba ta ba sabon shiga wahala. Lubuntu an yi ta ne don na'urori marasa ƙarfi. Akwai ma Emmabuntüs, wadda wasu masu aikin sa-kai a Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsoffin kwamfutoci, aka kuma yi amfani da ita a ɗakunan koyon kwamfuta a Togo. Dukansu suna aiki da Faransanci, suna karɓar madannan AZERTY da aka saba da su a Nijar da na QWERTY da ke shigowa daga Najeriya, kuma suna nuna haruffan Hausa masu lanƙwasa daidai.

Ta haka mai shago zai bar Windows 7 ko 10 don firinta da sikana da manhajar zane da hannunsa ya saba da ita, ya koma Linux duk lokacin da zai shiga intanet. Wani abin farin ciki ma shi ne, wasu tsoffin sikanoni da firintocin da Windows ta yi watsi da su suna aiki a Linux ba tare da an nemo direba ba. Abin lura kawai shi ne Ubuntu ta daina fitar da samfurin bit 32, don haka kwamfutar da ta tsufa ƙwarai sai an nemo mata wata Linux ɗin da ta dace da ita.

Yadda ake yin aikin

Kafin a taɓa komai, a kwashe duk abin da ke da muhimmanci zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe wasu fayilolin a tabbatar sun kwafu. Raba faifai aiki ne da ke motsa bayanai daga wuri zuwa wuri, kuma kuskure ɗaya wajen zaɓar yanki yana iya share aikin shekaru. Yawancin kukan da ake yi a shagunan gyara bayan an yi fomatin daga tsallake wannan mataki yake tasowa.

Daga nan sai tsarin jeri: tsohuwa ake fara ɗorawa, sabuwa ta biyo baya. Dalili shi ne sabuwa ta san da tsohuwa, za ta gan ta ta sa sunanta a jerin zaɓi, amma tsohuwa ba ta san abin da aka ƙirƙiro bayanta ba. In aka ɗora XP bayan Windows 7, za ta rubuta nata tsarin tashi a kan na 7, sai a wayi gari 7 ta ɓace daga allo duk da tana nan a faifai. Haka in da Linux a ciki: Windows farko, Linux daga ƙarshe, don GRUB ya tattara su duka.

Idan tsohuwar tana kan kwamfutar tun da ma, sai a rage mata fili. Tun daga Windows Vista akwai kayan aikin matse yanki a cikin Windows kanta. Windows 7 tana zama a gigabait 16 zuwa 20 a ƙa'ida, amma da manhajojin aiki gara a ba ta 50. Windows 11 ba ta karɓar ƙasa da 64. Linux mara nauyi tana sakewa a 30. Masu gyara da yawa sukan ware yanki na uku don takardu da hotuna, a tsarin NTFS, wanda duka manhajojin ke iya karantawa.

Hanyar da ta fi kowace kwanciyar hankali ita ce faifai biyu. A tsoffin laftof da yawa ana iya zare ma'ajin faifan DVD, wanda yanzu ba a cika amfani da shi ba, a sa wani ɗan akwati mai ɗauke da faifai na biyu a gurbinsa. A kwamfutar tebur kuwa wurin faifai na biyu yana nan a shirye. Kowace manhaja sai ta samu nata, a zaɓa lokacin kunnawa ta danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo. In sabon faifan SSD ne, kwamfuta mai shekara 10 takan yi saurin da mai ita bai taɓa gani ba, kuma SSD ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka ya fi jure girgizar babur a hanyoyin duwatsun yankin.

Akasin haka, ɗora Windows 7 a sabuwar kwamfuta ya fi wuya. Ba ta tashi in tsarin tsaro na Secure Boot yana kunne, faifan ɗora ta bai san kafar USB 3.0 ba, kuma Microsoft bai amince da ita a furosesar Intel daga zubi na bakwai ba. Sabbin na'urori da yawa ma an cire musu yanayin BIOS na da gaba ɗaya.

Maganar lasisi ma tana nan. Kowace Windows da aka ɗora tana buƙatar nata, kuma kwafin da aka yi wa kwaskwarima da ke yawo a filash babu mai tabbacin abin da aka cusa a cikinsa.

Tarkunan da ke wannan yanki

Na farko wuta ce. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mafi girma na lantarkinta daga Najeriya, kuma mutanen jihar ba su manta da yankewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ba, wadda ta ɗauki watanni har zuwa Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma ɗaukewar wutar kamfanin lantarki na NIGELEC a watannin zafi abu ne da kowa ya sani, ƙauyuka da yawa kuma da faifan sola da janareta suke aiki. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba faifai, ana iya rasa manhajojin biyu da takardun duka. Kada a fara aikin sai da batirin laftof mai riƙe caji, ko na'urar riƙe wuta ga kwamfutar tebur.

Na biyu agogo ne. Windows tana ajiye lokacin gari a agogon na'ura, Linux kuma tana ajiye lokacin duniya na Greenwich. Nijar da Najeriya suna gaban Greenwich da awa ɗaya, saboda haka wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows yakan tarar agogonsa ya koma baya da awa guda cur. Ba lalacewa ba ce; saiti ɗaya a ɗaya daga cikin manhajojin yana daidaita su. Akwai kuma ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, a jikin allon na'ura. A tsohuwar kwamfuta yakan mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, saitin BIOS ya koma na masana'anta, ɗaya daga cikin manhajojin ta ƙi tashi. Sau da yawa ana yi wa kwamfuta fomatin a banza alhali wannan batiri ne kawai ke son canji.

Na uku shi ne saurin tashi da Microsoft ya shigo da shi tun Windows 8 a 2012. Idan aka kashe kwamfuta, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan bar faifai a ɗaure don ta tashi da sauri. Ɗaya manhajar in ta zo rubutu a wannan faifai, ko ta ƙi, ko fayiloli su lalace. Duk mai manhaja biyu ya kashe wannan saiti. Haka nan sabbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan zo da faifai a kulle da BitLocker; wanda bai adana mabuɗinsa mai lamba 48 ba kafin ya taɓa saitin tashi yana iya samun kansa a waje.

Sabuntawa ma takan yi ɓarna. A Agustan 2024 wani facin tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu manhaja biyu a duniya. Maganin irin wannan rana shi ne a ajiye filash ɗin da aka ɗora manhajar da shi, domin da shi ake gyara tsarin tashi. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, na Linux Mint kusan 3, kuma ga mai sayen data a Airtel ko Moov ko Zamani wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Saukewa ɗaya ta ishi masu gyara na gari guda in suna ba juna.

Tsohuwa a tsare ta a gida

Babban haɗarin dabarar yana wajen tsohuwar manhaja. An daina yi wa XP faci tun 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu, 2020. Kusan duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take har abada. Duniya ta ga misalin abin da rashin faci ke jawowa a ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta nemi kuɗin fansa, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila har aka soke ganin likita dubbai. Mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ce da ba a sa mata facin da ya fito wata biyu kafin nan ba.

Saboda haka tsohuwar manhaja aikin cikin gida kawai za ta yi: ta buga, ta ɗauki hoton takarda, ta buɗe tsohon fayil. A kashe mata wayifai, kada a jona mata waya don intanet, kada a shiga akwatin saƙo ko asusun kuɗi da ita.

A yankin da intanet ke da tsada, cuta ta fi yawo a filash da katin memori. Mai tura waƙoƙi da fina-finai da karatun malamai yana karɓar katuna masu yawa a ranar kasuwa, mai buga takardu kuma kowane ɗalibi da filash ɗinsa yake zuwa. Sanannen misali shi ne cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. A nan manhaja ta biyu tana da rana: cututtukan da aka rubuta don Windows ba sa tashi a Linux, don haka ana iya buɗe filash ɗin baƙo a can, a ga fayilolin da aka ɓoye, a kwashe na kirki, a share sauran.

Sai dai bangon da ke tsakanin sassan biyu ba shi da kauri. Windows 7 da ta kamu tana ganin yankin Windows 10 da yankin takardu, kuma cutar neman fansa za ta kulle duk abin da ta gani. Manhaja biyu a faifai ɗaya kuma ba ajiya biyu ba ce. In faifan ya mutu, abin da zafin Afrilu da ƙurar hunturu ke gaggautawa, duka biyun sun tafi tare.

Wasu hanyoyin, da maganar tsoffin bayanai

Ba kowace matsala ce ke buƙatar raba faifai ba. Wanda kwamfutarsa ke da ƙwaƙwalwar gigabait 8 zai iya amfani da VirtualBox, manhaja ta kyauta da ke buɗe XP ko 7 a cikin taga ɗaya a kan sabuwar manhaja, ba tare da an kashe an kunna ba. Manhajojin DOS suna aiki a DOSBox. Linux tana tashi kai tsaye daga filash ba tare da an ɗora ta ba, abin da ya dace da mai son gwadawa tukuna. Raba faifai ya fi dacewa ne idan ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan, ko idan na'urar da za a jona, kamar akwatin filashin, tana son taɓa ƙarfen kwamfutar kai tsaye.

Akwai wani dalilin da ya sa wannan magana ta shafi waɗannan gundumomi fiye da shagunan kasuwa. Yanki ne mai dogon tarihin ayyukan raya karkara. A kwarin Majiya da ke gundumar Buza, ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975. A Keita, babban aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya ta ɗauki nauyi tare da hukumomin FAO da PAM ya fara a 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa, mata suka yi kaso mai yawa na aikin. Bayan yunwar 2005 kuma ƙungiyoyin agaji irin su MSF sun yi shekaru suna aiki a Madawa da Buza. Irin waɗannan ayyuka suna barin alƙaluma: ruwan sama, zurfin rijiyoyi, yawan amfanin gona, nauyin yara. Ofisoshin da suka yi aiki da kwamfuta a shekarun 1980 da 1990, a ko'ina suke, da manhajoji irin su dBase da Lotus 1-2-3 da WordPerfect suka yi, a kan faifan fulofi da CD. Duk inda irin waɗannan fayiloli suka rage a kabad ɗin wani ofishi, tsohuwar kwamfuta mai tsohuwar manhaja tana iya zama hanya ta ƙarshe ta karanta su.

Wanda ya samu wannan dama ya yi amfani da ita wajen fitar da bayanan tun na'urar tana numfashi. LibreOffice, wadda kyauta ce a Windows da Linux, tana buɗe fayilolin dBase da Lotus da WordPerfect da yawa. A mayar da jadawali zuwa CSV, rubutu zuwa PDF ko ODT, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Haka ma tsoffin rubuce-rubucen Hausa na ajin yaƙi da jahilci da aka buga da haruffa na musamman kafin tsarin Unicode ya yaɗu: in aka buɗe su a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama wasu alamomi, sai an gyara su an adana a sabon tsari.

A shekaru masu zuwa, kwamfutocin da ofisoshin Turai ke sallama saboda Windows 11 za su ƙara cika kasuwannin Kano da Maraɗi da Yamai, kuma da yawansu masu ƙarfi ne, masu araha. Mai saye daga Madawa ko Buza ko Keita yana da tambayoyin da zai yi kafin ya biya: furosesar zubi na nawa ce, akwai TPM 2.0, ƙwaƙwalwar nawa ce kuma tana ƙaruwa, akwai wurin faifai na biyu, batirin yana riƙe caji. In ta zubi na takwas ce ko sama, Windows 11 za ta zauna, tsohuwar manhaja kuma ta shiga VirtualBox. In ta shida ce ko ƙasa, Windows 7 ko 10 ta riƙe firinta da sikana ba tare da intanet ba, Linux mai wa'adi har 2029 ta ɗauki sauran aikin.